Cefane, Ruwa da Ta'aziyya: Waiwaye a Kan Rayuwar Cikin Gida a Galtimari Zamanin Annobar Korona

1.0 Gabatarwa

Idan annoba ta wuce, abin da ya fi saura a takardun hukuma shi ne ƙidaya, wato mutum nawa suka kamu, nawa suka warke, nawa aka binne. A Nijeriya, ƙidayar annobar korona ta tsaya a kan kimanin mutum 267,000 da gwaji ya tabbatar sun kamu, da mutum 3,155 da aka rubuta sun rasu. Ƙidaya tana da amfaninta, sai dai ba ta gaya wa mai nazari yadda aka ɗora tukunya ranar da aka rufe kasuwa, ko wanda ya kawo ruwa gida a lokacin da ake ta shela cewa kowa ya riƙa wanke hannu. Irin wannan tarihi na zaure da tsakar gida shi ne Mary Smith ta nuna darajarsa tun shekarar 1954, da ta buga labarin rayuwar Baba ta Karo kamar yadda tsohuwar ta faɗa mata da bakinta.

Wannan maƙala za ta waiwayi makonni uku na dokar kulle da aka yi a Jihar Borno cikin watannin Afrilu da Mayu na shekarar 2020, ta fuskar gidajen unguwar Galtimari. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, an yanka dokar ne daidai da gidan da yake da rumbu da famfo da albashi, amma gidan da ta tarar gida ne wanda kullum sai an fita sannan a ci. Za a kuma duba kalmomin da Hausa ta ɗauko don ambaton abubuwan da annobar ta zo da su, domin a cikinsu ana iya jin yadda jama'a suka karɓi al'amarin. An tattara bayanan daga sanarwar hukuma, da hira da maƙwabta, da abin da marubucin ya gani da idonsa a matsayinsa na ɗan haya a unguwar, baƙo daga ƙasar Katsina wanda aikin koyarwa ya kawo Jami'ar Maiduguri.

2.0 Unguwar da Mutanenta

A tsarin mulki Galtimari tana cikin Ƙaramar Hukumar Jere ne, amma a zahiri wani yanki ce ta birnin Maiduguri, tana maƙwabtaka da unguwar Fori da Barikin Giwa, ba nisa da Kogin Ngadda. Mazaunanta gamin gambiza ne: Barebari da Shuwa da Babur da Margi da Fulani da Hausawa da mutanen ƙasar Gwoza. Kowa yana da harshen da yake yi da iyalinsa, amma a bakin kanti da layin ɗibar ruwa Hausa ce ke haɗa su, Hausa mai ɗanɗanon Borno, wadda ta ari kalmomi daga Barbarci da Larabcin Shuwa.

Akwai abin da ya bambanta wannan unguwa da takwarorinta na Kano ko Zariya a shekarar 2020, wato ba baƙuwar zama cikin gida bisa umarni ba ce. Tun rikicin Yuli 2009 mutanen Maiduguri suka saba da dokar hana fita. A shekarar 2011 aka hana hawa babur a birnin, keke mai ƙafa uku ya maye gurbinsa. A watan Mayu 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka yanke layukan waya na tsawon watanni. Ranar 14 ga Maris 2014 aka kai hari Barikin Giwa, harin da mutanen Galtimari da Fori suka ji a cikin ɗakunansu. Bugu da ƙari, lokacin da korona ta iso, Jihar Borno tana ɗauke da 'yan gudun hijira fiye da miliyan 1, kuma ba dukkansu ke sansani irin su Bakasi da Dalori da Muna ba. Da yawa suna raɓe a gidajen 'yan'uwa. Gidan da aka gina don mutum 8 sai ka tarar da mutum 20 suna kwana a cikinsa, maza a zaure, mata da yara a ɗaki da tsakar gida. Wannan shi ne gidan da aka ce wa ya ba da tazarar mita 2 tsakanin mutum da mutum.

3.0 Annobar da Ta Gabata da Sunayenta

Babbar annobar da ake kwatanta korona da ita ita ce murar shekarar 1918. Ta shigo Ikko ranar 14 ga Satumba na wannan shekara ta jirgin ruwa mai suna Bida, sannan ta bi hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano tun 1911, ta haura Arewa. A wancan zamani dogo bai zo Borno ba (sai 1964 ya iso Maiduguri), kuma Yerwa kanta sabon gari ce, shekara 11 kacal da Shehu Abubakar Garbai ya komo cikinta a 1907. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa annobar ta kashe mutum kusan 500,000 daga cikin miliyan 18 da ke Nijeriya a lokacin.

Abin da ya fi jan hankali a nazarin Ohadike na shekarar 1981 shi ne inda ya bi annobar har cikin tukunya. Ya nuna cewa a ƙasashen da ke bakin Kwara ta kudu, mutuwa da jinya sun rage hannuwan da ke noman doya, wadda take son aiki mai yawa, sai mutane suka karkata ga rogo, wanda ba ya son wahala kuma yana iya zama cikin ƙasa har a buƙace shi. Ashe garin rogon da ya cika kasuwanninmu yau yana da alaƙa da wata mura da aka yi shekara fiye da 100.

A ƙasar Hausa an kira wannan annoba marisuwa, kuma tsofaffi sun daɗe suna lissafin haihuwa da aure da ita, kamar yadda suke yi da yunwar Kakalaba ta 1914 da ta 'Yar Buhu ta 1927. A zangon Hausawa na ƙasar Gwanja kuwa, Alhaji Umaru Salga, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya tsara mata ƙasida, ya kira ta tunkuyau. Annoba ta biyu da ta taɓa gidajenmu kai tsaye ita ce kwalara, wadda ta shigo Afirka ta Yamma a 1970. A shekarar 1971 an rubuta mutum 22,931 da suka kamu a Nijeriya, 2,945 suka rasu. A 1991 adadin ya kai 59,478 da 7,654. Ta sake ɓulla a sansanin Muna a Maiduguri cikin daminar 2017. Gadon da ta bar wa uwar gida shi ne ruwan gishiri da sukari, wanda aka yi ta koyarwa a rediyo da asibitoci zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana Ministan Lafiya.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda aka raɗa wa cututtukan nan suna. Amai da gudawa, sanƙarau, ƙanjamau, baƙon dauro: duk sunaye ne da suka fito daga abin da ido ya gani a jikin majinyaci, wuya ya sanƙare, jiki ya ƙanjame, ƙuraje sun feso kamar ƙwayar dauro. Mai jinya ce ta raɗa su a gefen tabarma. Korona kuwa sunanta ya riga ta zuwa. An ji ta a rediyo watanni kafin a ga wanda ta kwantar, kuma ko da ta kwantar da mutum, zazzaɓi ne da tari da kasala, abin da kowa ya sani da wasu sunaye. 'Yan jarida sun yi ƙoƙarin yi mata suna na gida, wasu suka ce cutar sarƙewar numfashi, wasu murar mashaƙo, amma ba wanda ya zauna, sai ma kalmar mashaƙo ta koma ga mai ita da cutar maƙogwaro ta ɓarke a Kano da Yobe a 2023. A ganina wannan rashin suna na cikin gida yana daga cikin dalilan da suka sa talakawa da yawa suka ɗauke ta ciwon masu hawa jirgin sama.

4.0 Makonni Uku na Kulle

An tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, aka rufe Ikko da Abuja ranar 30 ga Maris. A Borno al'amarin ya fito fili ne da rasuwar wani ma'aikacin jinya da aka kawo daga Pulka, ta ƙasar Gwoza, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ranar 18 ga Afrilu. Gwamna Babagana Umara Zulum ya kafa dokar kulle ta mako 2 daga daren Laraba 22 ga Afrilu, aka ƙara wa'adinta, sannan aka dakatar da ita a tsakiyar watan Mayu. Azumin Ramadan ya kama ranar Juma'a 24 ga Afrilu, wato kwana 2 bayan rufe gari, a tsakiyar bazarar da zafinta a Maiduguri yakan haura digiri 40.

4.1 Kalmar Kulle da Sana'ar Mata

Kafin 2020, in Bahaushe ya ce kulle, zaman matar aure cikin gida yake nufi. M. G. Smith, a nazarinsa na ƙasar Zazzau, ya kawo rabe-raben da mutane da kansu suke yi: auren kulle da auren tsari da auren jahilai. Hana zirga-zirga don tsaro kuwa sunansa dokar hana fita, kuma mutanen Maiduguri sun fi kowa sanin wannan. Amma da korona ta zo, bakin jama'a bai tsaya ga tsohon sunan ba, sai ya ɗauko kulle. Zaɓin ya yi daidai, domin dokar hana fita ta dare ce, ana sakin mutum da safe ya nemi abinci, wannan kuwa ta haɗa dare da rana. Akwai kuma zolaya a ciki, wadda mata ba su bari ta wuce ba: wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda duk layin ke kira Hajja, takan ce wa mazan da ke zaune jugum a ƙofar gida su yi haƙuri, ita shekara 40 ta yi a ciki ba ta mutu ba.

Sai dai zolayar ta ɓoye wata hasara wadda matan ne suka fi ɗaukarta. Polly Hill, a rubutunta na 1969, ta kira sana'ar matan kulle ɓoyayyen ciniki, Enid Schildkrout kuma ta nuna a nazarinta na Kano cewa ƙafafun wannan ciniki yara ne. Matar da ba ta fita tana soya ƙosai, tana dama kunu, tana haɗa turaren wuta da humra, tana kitso, tana saƙar hula, yarinya ta ɗauki tallan ta kai tasha ko bakin makaranta ko wurin magina. Kullen mace yana tsayuwa ne bisa sharaɗin cewa miji da yara suna fita. Da aka kulle su duka, sai ya zamana an rufe tasha da makaranta da wurin gini, ba inda za a kai talla, ba kuma mai saye. Cikin kwanaki kaɗan aka fara cin jari, wato kuɗin wake da man da za a soya na gobe aka sayi garin tuwon yau da su.

Daga nan sai abin ya taɓa adashi. Adashi yana rayuwa ne da zubin kullum ko na mako, kuma in mutum 3 cikin 10 suka kasa zubi, wadda kwasarta ta zo ita ke kwana ciki. A layinmu an sami uwar adashi da ta dakatar da zubi gaba ɗaya har bayan Salla, an kuma sami wadda ta ci gaba, rigimar da ta biyo baya ta kai ga mai unguwa. Wadda ta yi lissafin za ta kwashi nata ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, sai aka ɗaga bikin. Ba wanda ya rubuta irin wannan a matsayin hasarar annoba.

4.2 Cefane

Gidan ɗan birni mai ƙaramin ƙarfi ba ya ajiye abinci. Magidanci yakan fita da safe, abin da ya samu kafin azahar shi ne kuɗin cefane, a auno mudu ɗaya na gero ko masara ko shinkafa, a sayo man ƙulli da kayan miya kashi-kashi da ɗan bandar kifi irin wanda ake kawowa Tashar Baga. 'Yan kwanakin da aka bayar tsakanin sanarwa da fara aiki da doka domin mutane su yi tanadi sun amfani mai albashi da ɗan kasuwa. Mai tura baro da mai faci da mai wankin hula ba su da abin da za su yi tanadi da shi, ko da wata guda aka ba su. Ga shi kuma farashi ya riga ya tashi, domin tun Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba 2020, noman da ke kewayen birnin kuma rashin tsaro ya riga ya taƙaita shi.

Wanda ya riƙe unguwa a waɗannan makonni shi ne mai kantin lungu. Ƙofar gaba a rufe, amma yana miƙo kaya ta taga ko ta ƙofar cikin gida, yana rubutawa a littafin bashi. Na ga irin wannan littafi, na makaranta mai shafi 60, kowane gida da shafinsa, ba da sunan magidanci ba, da laƙabin da layi ya san shi: gidan mai keke, gidan 'yan Bama, gidan malamin jami'a (marubucin nan ke nan, domin ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yajin aiki tun Maris, ba ta janye ba sai Disamba). Abin da ke cikin shafukan ƙanana ne, sukari gwangwani ɗaya, Maggi 5, ashana, sabulu rabi. Wanda ya bi layukan a hankali zai ga ranar da gida ya daina sayen madara, da ranar da ya sauka daga shinkafa zuwa garin kwaki.

Azumi ya ƙara wasu buƙatu waɗanda a wani wata da an iya haƙura da su. Kunun tsamiya yana son niƙa, mai injin niƙa kuma yana son mai, shi ma a ɓoye yake aiki. Burabusko da tuwo suna son wuta, itace da gawayi kuwa daga bayan gari ake shigo da su, ta hanyoyin da ko ba kulle masu saran itace suna sayar da rai ne kafin su bi. Sai ƙanƙara. Wanda bai yi azumi a Maiduguri cikin Afrilu ba zai ɗauka ƙanƙara kayan marmari ce. Gidan da yake da firji da janareta ya zama wata ƙaramar hukuma, da la'asar yara suna zuwa ta bayan katanga da kwano. Wasu masu firjin sun tsawwala, wasu sun bayar sadaka, kuma har yau ana tuna kowa da abin da ya yi.

Wani ma'aikacin gida da aka ji rashinsa shi ne almajiri. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu, aka yi ta jigilarsu tsakanin Kano da Kaduna da Jigawa da sauransu, aka kuma sami masu ɗauke da cutar a cikinsu. Borno ita ce Gabas ta masu neman Alƙur'ani, kuma a gidaje da yawa almajiri ne ke kai niƙa, ya zubar da shara, ya yi wanke-wanke, a ba shi ragowar tuwo. Da kulle ya hana shi yawo, uwar gida ta rasa ɗan aike, shi kuma ya rasa kwanon dare a daidai lokacin da ragowa ta ƙare a kowane gida.

4.3 Ruwa

Umarnin da aka fi maimaitawa shi ne wanke hannu da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudana na tsawon daƙiƙa 20. Birnin yana shan ruwan Madatsar Alau da na rijiyoyin burtsatse, amma yawancin gidajen haya a Galtimari ba famfo a cikinsu. Ruwansu yana zuwa ne a kura, jarka 10 ko 12 masu cin lita 20 ko 25, wadda ɗan garuwa ke turowa. A Maiduguri ana kiransa mai moya, kalmar da ta haɗa mai ta Hausa da moya ta Larabcin Shuwa. In mai moya bai fito ba, ba girki, ba wanka, ba alwala. Saboda haka shi ne mutum na farko da unguwa ta yi wa uzuri daga doka ba tare da ta nemi izinin kowa ba, kuma shi ne wanda yake shiga kowane gida, ya taɓa kowace randa. Kuɗin jarka ya ƙaru, domin mai burtsatse da injin yake jawo ruwa.

Uwar gida sai ta koma lissafi: jarka nawa na sha da girki, nawa na wanki, nawa na banɗaki, sannan ga sabon kaso na wanke hannu. Maganin da aka samu shi ne bokitin roba mai ɗan famfo a gindinsa, wanda ƙungiyoyin agaji suka riga suka yaɗa a sansanoni zamanin kwalarar 2017, da kuma buta. Malaman da suka fahimci jama'arsu ba su tsaya dogon bayani a kan ƙwayar cuta ba, sun ce a ƙara sabulu kafin alwala. Mutumin da yake wanke hannu sau 5 a yini tun yana yaro bai ga baƙon abu a nan ba, sabulun ne kawai ya zama ƙarin kashe kuɗi.

4.4 Gaisuwa da Ta'aziyya

Abin da ya fi wuya a kan dattijai shi ne hana musafaha. A ƙasar Hausa da Borno, ƙin miƙa hannu magana ce, kuma ba mai daɗi ba. An koma ɗora hannu a ƙirji, ko jinjina da dunƙulallen hannu irin ta fada, wadda dama tana nan a al'ada. Amma in babba ya miƙo hannu, yaro ba shi da bakin cewa hukuma ta hana. Haka nan rufe masallatan Juma'a da dakatar da tafsiri da tarawihi cikin jam'i ya jawo muhawara, malamai suna kafa hujja da hadisin da ya hana shiga ko fita garin da annoba ta sauka, da abin da Halifa Umar ya yi lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham. Tafsiri ya koma rediyo, magidanta da yawa suka limanci iyalinsu karo na farko, abin da ya sa wasu suka koma bitar ƙananan surori a ɓoye.

Mutuwa ce ta gwada dokar fiye da komai. A Kano, cikin watan Afrilu, aka yi ta binne dattijai, har daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi 8 na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce sanadinsu. Kusan kowane Bahaushe mazaunin Maiduguri yana da wani a Kano, ga shi an hana tafiya tsakanin jihohi, ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli. Tsakanin Maiduguri da Kano kusan kilomita 600 ne. A watan Mayu ƙanin mahaifina ya rasu a ƙauyenmu, na yi wa Inna ta'aziyya ta waya. Ta amsa, ta yi addu'a, sannan ta tambaye ni yaushe zan zo gaisuwa. A wurinta abin da na yi sanarwa ce cewa na ji. Ta'aziyya kuwa sai an tako, an zauna a tabarma, an yi shiru tare. Ban sami zuwa ba sai bayan sadakar arba'in.

A cikin unguwa kuwa ba a fasa ba. An rage zama, an taƙaita sadakar uku da ta bakwai, amma ba a ga gawar da aka rasa masu sallatarta ba, mata kuma sun ci gaba da aika kwanon abinci gidan makoki ta hannun yara. Ana iya kiran wannan taurin kai. Amma wanda ya san cewa gudummawar makoki da ta biki bashi ce da ake biya, kuma ita ce kaɗai inshorar talaka, zai gane cewa matar da ta ƙi aika kwano yau ta san ranar da nata gidan zai zauna ba kwano.

5.0 Takunkumi da 'Yan'uwansa

Daga cikin kalmomin da annobar ta sabunta, takunkumi ta fi cancantar a tsaya a kanta. Asalinsa abin da ake ɗaura wa jaki ko sa ko raƙumi a baki ne don kada ya ci amfanin gona ko ya yi cizo. 'Yan jarida suka ɗauke shi tun tuni suka ba shi ma'anar horon tattalin arziki, irin wanda aka sa wa Afirka ta Kudu da Iraƙi da Libiya. A 2020 sai ya hau fuskar ɗan'adam. Duk ma'anoninsa uku sun haɗu a kan abu guda: wani ne mai ƙarfi yake sa wa wani, ba da son ransa ba. Alhali Hausa tana da amawali, ɓangaren rawanin da sarki ko babban malami yake rufe baki da shi, alamar girma da kamun kai. Da wannan aka ɗauka tun farko, ina kyautata zaton da dattijon Galtimari bai riƙa cusa ƙyallen a aljihu yana fito da shi sai ya hango shingen jami'an tsaro ba. Teloli dai sun ci riba, sun ɗinka shi da ragowar atamfa da shadda, wasu har da na yara mai dacewa da kayan Salla, wadda aka yi ranar 24 ga Mayu.

Killacewa ta fito daga killace wuri da zana ko dangar kara, ma'ana mai taushi, amma da yake an haɗa ta da motar asibiti da ma'aikata masu fararen kaya da rufaffiyar fuska, sai ta zama abin tsoro, har masu tari suka riƙa jinya a ɓoye da tafarnuwa da citta da lemon tsami da surace. Tallafi kuwa, wanda Maiduguri ta riga ta sani daga ƙungiyoyin agaji tare da katinsa da layinsa, ya sami wani ɗanɗano a faɗin ƙasa bayan Oktoba 2020, da jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Ikko da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da buhunan abinci jibge.

Allurar rigakafi ta iso Nijeriya ranar 2 ga Maris 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta janye matsayin gaggawa ranar 5 ga Mayu 2023. Bokitin mai famfo ya koma ma'ajiyar ruwan sha ko ta kunun zaƙi. Lokacin korona ya shiga lissafin shekaru kamar yadda marisuwa ta shiga, ana cewa wance haihuwar kulle ce, ko wane tun kulle bai farfaɗo da jarinsa ba. Sai dai a Galtimari wani ma'aunin ya zo ya hau kansa. A daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024 Madatsar Alau ta ɓalle, Fori da Galtimari suna cikin unguwannin da ruwa ya fara ci. Da na koma wurin mai kantin layinmu ina neman ya ara mini littafin bashin 2020 don wannan nazari, sai ya nuna mini alamar da ruwa ya bari a bango, sama da kantar da yake ajiye littattafansa.